Karɓar Keken Mama Tabita

Ban yi niyyar rubuta wannan babi ba, jikata Rahila ce ta ja. Kirsimetin da ya wuce tana tuƙa tuwo, ƙanwarta ta zo taya ta, garin taimako ta kifar mata da tukunyar miya. Sai na ji Rahila ta ce, "Ke dai kullum sai kin yi mini karɓar keken Mama Tabita!" Tsakar gida ta kaure da dariya, har da ku iyayensu da furfurarku. Na kira ta na tambaye ta wace ce Mama Tabita. Ta ce ita ba ta sani ba, haka dai ake faɗa a unguwa in mutum ya zo taimako ya ɓata abu. Na tashi na shige ɗaki, kuka bi ni da maganin hawan jini. To ba hawan jini ba ne, haushi ne, kuma ya girmi kowannenku.

Akwai kofin nan da ke kan kabad a falo, wanda kuka taso kuna gogewa da toka kuna gaya wa abokanku cewa babanku ne ya ci gasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: marigayi babanku Ayuba na biyu ya zo. Bai taɓa cewa shi ya zo na ɗaya ba, ku ne ba ku tambaya ba. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Baba Dogara, tsohon nan da ke kawo mana ɗanyar citta da acca daga ƙauye, wanda kuke gaisarwa a tsaye kuna latsa waya. Mama Tabita kuwa mahaifiyarsa ce.

Abin ya faru ba da daɗewa ba bayan an koma tuƙi ta hannun dama. Lokacin ina koyarwa a firamare a nan Kafanchan, ban yi aure ba, babanku ma bai fara yi mini kallon da ya wuce na 'yar'uwa ba. Mu uku muka shaƙu a ƙungiyar mawaƙa ta majami'armu: ni, da Ayuba ɗan gari mai takardar sakandare da babu aiki a bayanta, da Dogara. Dogara daga wani ƙauye yake a hanyar Zonkwa. Ubansa ya rasu yana ƙarami, karatunsa ya tsaya a aji bakwai, daga nan sai gona. Kekensa shi ne jakinsa. Da shi yake kai buhunan citta kasuwa har Samaru, ya hau tudun da masu lori ke sauke fasinja su tura. Muryarsa a waƙa ba ta da daɗi ko kaɗan, mun sha gaya masa, amma bai taɓa fashin koyon waƙa ba.

A shekarar nan wani malamin wasanni, Mista Bawa, ya dawo daga kwas a ƙasar waje da farin gajeren wando, da usur a wuya, da wani sabon abu a kansa. Ya ce za a yi gasa uku a haɗe ba hutu: a yi iyo a haye rafi, a hau keke a zagayo ta Kagoro, a sauka a yi gudu. Mutanen gari suka sa mata suna "wahala uku". Da dariya kawai za a yi a watse, sai aka ji cewa wani babba zai zo daga Kaduna, kuma wanda ya zo na ɗaya za a tafi da shi horo, daga nan a ba shi aikin koyar da wasanni. Ku da kuka taso kuka tarar da albashi a gida ba za ku gane ba. Ga yaro irin Dogara, wannan ita ce ƙofa guda da ta taɓa buɗewa wadda ba a tambayi satifiket a bakinta ba.

Ayuba da Dogara duk suka ba da suna. Ni ban iya iyo ba, keke kuwa sau ɗaya na hau na shiga gonar rogon fasto, saboda haka na ɗauki aikin da Allah ya hore mini, wato ihu. Na bi matan zumunta na majami'a gida gida, na ce su fito da tulunansu na kiɗa da kacau-kacau. Sannan na je ƙauye da kaina na ɗauko Mama Tabita. Ta ce ita me za ta je yi cikin 'yan boko, na ce ɗanta za a yi wa tafi, bai kamata ta ji a bakin mutane ba. Ni na kawo ta, kuma da za a maimaita ranar, zan sake kawo ta.

Sai na tsaya na yi muku bayanin abin da a da ba ya bukatar bayani. A wajenmu ba a barin mutum ya shigo gida da kayansa. Ko daga gona yake, ko daga rafi, ko daga kasuwa, wanda ke gida shi zai fito ya tare shi, ya ce sannu, ya karɓa. Ba nauyin kayan ake dubawa ba, ko fartanya ce guda sai an karɓa. In ka dawo aka bar ka tsaye da kaya a ƙofa, to an gaya maka akwai magana tsakaninka da gidan. Tun Dogara yana ɗauko itace a ka Mama Tabita take tare shi. Da ya sayi keke sai ta koma karɓar keke. Kullum da yamma za ta fito, ta kama ƙahon, ta tura shi ta jingine a jikin rumbu, shi kuwa ya sake mata ba tare da ya ma san ya saki ba.

Ranar gasa aka taru da safe a bakin rafi can ƙasan Matsirga, bayan ɗaukewar ruwa, rafin ya kwanta amma sanyinsa na nan. Aka jera wa manyan baƙi kujeru, mu aka ja mana igiya. Mista Bawa ya ɗauki lasifika ya karanta dokoki da Turanci, irin Turancin da ya sayo a can, yana fuskantar kujeru, mu ya ba mu ƙeya. Lasifikar ma tana ta ƙara kamar an taka ɗan akuya. Ni da nake malamar makaranta rabi na tsinta. Matan zumunta suna tsammani addu'ar buɗewa ce, da ya gama suka ce amin. Bai ce a fassara da Hausa ba, balle da yarenmu, alhali da shi aka yi masa waƙar goyo.

Aka busa usur, samari suka faɗa ruwa kamar an kori agwagi. Wasu a tsakiya suka tuna ba su iya ba, masu kwalekwale suka tsamo su. Ayuba ya fara fita, domin ya fi iya iyo na tsari, Dogara na biye da shi yana dukan ruwa kamar mai sussuka. Na yi ihu har ɗankwalina ya faɗi.

"Ayuba, kada ka waiwaya! Dogara, ruwan ba surukinka ba ne, daina jin kunyarsa!"

Mama Tabita tana riƙe da hannuna tana ta cewa, "Yesu, ka riƙe yaro. Yesu, ka riƙe yaro." Da ta ga ya fito ya haye keke, ta rangaɗa guɗa, matan suka amsa.

Masu keke suka bi doguwar hanya ta Kagoro, mu muka cika wata akori-kura muka yanke zuwa filin makarantar da za a sauka. A filin an ja layi da farar ƙasa. A nan mai keke zai sauka, ya tura kekensa da hannu zuwa wata gora da aka gicciya a gindin mangwaro, ya jingine, sannan ya fara gudu. Tsakanin layin da gorar bai fi daga ƙofar gidanmu zuwa rijiya ba. Muka tsaya bayan igiya muna kiɗa, rana ta fara zafi, idon kowa na kan kwana. Can sai yara a kan bishiya suka fara ihu. Keke guda ne ya ɓullo, baƙi, mai kariya a baya inda ake ɗaura buhu, ba kowa a bayansa har iyakar ganin ido. Na manta ni malama ce, na yi ta tsalle ina kiran sunansa.

Ya iso layi ya sauka, gumi na zuba. Kafin in ankara Mama Tabita ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya, ta tare shi, ta kama ƙahon keken.

"Sannu da hanya, yaro na."

Ya sake mata ya zura da gudu. Ita kuwa ta tura keken a hankali, ta jingine a gorar nan daidai inda ta ga an nuna, har ta sa bakin zane ta share sirdin. Fili ya ɗauki tafi. Babu wanda ya ga laifi, domin kowa a wurin haka uwarsa take yi masa. Abin da na lura kawai shi ne Mista Bawa ya dubi agogonsa, bai ce komai ba. Da a nan ya busa usur ya ce a mayar da keken layi Dogara ya tura da kansa, da ya tura ya dawo ya sake turawa, duk da haka ba a kamo shi ba. Amma ya bar shi ya yi gudun nan duka a cikin rana. Wannan shirun na Mista Bawa har yau ban yafe shi da daɗin rai ba.

Dogara ya shigo na ɗaya. Mun gama yi masa waƙa guda, mun kama ta biyu, sannan Ayuba ya ɓullo yana haki. Muka yi masa tasa guɗar, muryata ta riga ta dishe. Samari suka ɗaga Dogara sama, mata suna share masa fuska da ɗankwali, Mama Tabita tana rawa da tafin hannu a sama. Sai usur ya tsaga kiɗan. Aka kira Dogara gaban teburi, aka ce a zo da matar da ta taɓa keke. Na riƙo hannunta muka je tare.

"An ba ka asistans, an taimake ka daga waje," in ji Mista Bawa. "Rul, wato doka, ya hana. Na karanta da safe, kowa ya ji."

"Sa, ban ji wannan ba," in ji Dogara.

Mama Tabita ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce da 'yar Hausarta, "Malam, yaro ya gaji ne. Ni na karɓa keke na ajiye a wurin da su ke ajiye. Ban hau ba fa."

Masu kujeru suka yi dariya. Ni kuwa jinina ya tafasa.

"Malam Bawa," na ce, "da wane yare ka karanta? In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wane kunne ka ba dama ya ji? Kai in ka je gida, mamanka ba ta karɓar maka jaka?"

"Malama Ladi, nan ba gida ba ne. Rul rul ne."

Babban da ya zo daga Kaduna ba wawa ba ne, ya ga tazarar da Dogara ya bayar, kuma shi yake so ya tafi da shi. Ya jawo Mista Bawa suka yi ƙus-ƙus, suka samo wata kafa. In matar baƙuwa ce ta shigo ta ƙwace keke ba da saninsa ba, to laifin masu tsaron igiya ne, nasararsa na nan. In kuwa tasa ce, taimako ne, ya fita. Abin da ake bukata kawai ya faɗa a gaban jama'a. Ku lura da wannan, 'ya'yana. Dokar da za ta kare mu da Turanci aka karanta ta, amma tambayar da za ta ci mana mutunci, Mista Bawa ya juyo da lasifika wajenmu ya yi ta da Hausa tsantsa.

"Dogara, ka san matar nan?"

Rabin mutanen wurin sun san ta, sun ci tuwonta, amma na tabbata da ya ce a'a babu wanda zai tona. Mama Tabita ta gane abin da ake ciki kafin ni. Ta saki hannuna, ta ja da baya, ta yi masa magana da yare ƙasa-ƙasa, ina jin ta.

"Ka ce ba ka san ni ba. Ni ma zan ce ban san ka ba. Ba komai, na yarda. Ka tafi Kaduna."

Ban san abin da nake so ya ce ba a lokacin. Ina so ya tafi, ya huta da buhun citta. Ya tsaya yana numfashi, gishirin gumi ya bushe a fuskarsa. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi lasifikar.

"Mamana ce. Ita ta haife ni. Tun ina ƙarami take karɓa mini kaya. Ko yanzu ta miƙo hannu zan ba ta."

Ya mayar da lasifika, ya je gindin mangwaro ya ɗauko kekensa. Matan zumunta ba su yi guɗa ba, wasu kuka suke yi. Ni na tsaya gaban teburin na faɗi maganganun da sai da fasto ya kira ni a kansu ranar Lahadi. Na ce masa zan nemi gafarar Ubangiji saboda ɗaga murya, amma kalma ko ɗaya ba zan janye ba.

Aka kira Ayuba ya karɓi kofi. Ya ƙi zuwa. Ya bi Dogara har bakin hanya, ni ma na bi su.

"Ba zan karɓa ba, Dogara. Ko ƙurarka ban gani ba."

"In ka ƙi, wa za su ba? Na uku, wanda bai san mu ba. Je ka karɓa, kada wahalar ta tashi a banza gaba ɗaya."

Haka babanku ya karɓa, kansa a ƙasa. Ya tafi Kaduna, ya sami aiki, bayan shekara biyu ya dawo ya aure ni. Da albashin nan aka gina gidan da kuke dariya a tsakarsa, da shi aka kai ku makaranta. Dogara ya koma gona. Ba a sake yin gasar ba, domin Mista Bawa ya sami canjin wurin aiki, wahala uku ta bi shi. Ba na ce muku babanku ya ci haram ba. Ya yi aikinsa da gaskiya, kuma har ya mutu in Dogara ya shigo gidan nan shi yake tashi ya karɓar masa keke da hannunsa. Kun sha gani, kuna cewa Baba ya cika son girmama mutanen ƙauye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda gari ya juya labarin. Ba a yi wata guda ba aka manta da Turancin, aka manta da shirun Mista Bawa, aka manta da tambayar. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne wata tsohuwar ƙauye ta jawo wa ɗanta asara. 'Yan boko irina suka fara, a ofis da ɗakin malamai, saboda dariyar tsohuwa ta fi sauƙi a kan a ce ɗan'uwanka mai farin wando ya yi rashin hankali. Daga nan maganar ta shiga kasuwa, har ta isa ƙauyensu.

Na je gaishe ta bayan girbi. Muna zaune da yamma muna ɓarar gyaɗa sai muka ji ƙararrawar keke. Ta miƙe da sauri kamar yadda ta saba, ta kai ƙofa, sai ta tsaya. Na ga ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe su. Dogara ya sauka da buhu a kariya, yana jiranta.

"An yarda in karɓa?" ta tambaye shi.

Ban taɓa jin tambayar da ta sa ni kuka irin wannan ba. Matar da ta yi noma ita kaɗai ta ciyar da yaro, an mayar da ita tana neman izini a ƙofar gidanta. Dogara ya tsaya riƙe da keken, bai shiga ba, bai jingine ba. Ta ce ya shigo, ya ƙi. Kaji suka shige akurki, tuwo ya huce, yana tsaye.

"Mama, in ba ki karɓa ba a nan zan kwana. Ko akwai magana tsakanina da gidan nan ne?"

Ta kwance hannuwanta ta kama ƙahon.

Daga ranar bai taɓa shigar da keken nan gida da kansa ba muddin tana raye. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya rage, ƙarfin tura keke ya ƙare. Duk da haka zai tsaya a ƙofa ya kaɗa ƙararrawa, ta lallaɓo da sanda, ta ɗora tafin hannu a kan ƙahon, shi yana turawa a hankali ta ɗaya gefen har rumbu, sannan ya ce mata, "Na gode, Mama." Na tambaye shi sau ɗaya, muna tsofaffi, ko yana da-na-sani. Ya ce Kaduna dai ya so ta, ba zai ɓoye ba, kuma duk ranar da buhu ya yi masa nauyi yakan tuna. Amma da ya tafi, da wace fuska zai riƙa dawowa hutu ya tsaya a ƙofar matar da ya ce bai sani ba?

To kun ji. Ba zan iya toshe bakin unguwa ba, amma gidan nan nawa ne, kuma kada in sake jin sunanta a cikin dariya. Rahila, ranar Asabar Baba Dogara zai kawo citta. Yanzu ba ya iya hawa tudun nan, turo keken yake yi tun daga kwana. In kin ji ƙararrawa, ki ajiye wayar nan, ki fita ki karɓa.